Tsohon Gida Baƙo Yake Nema

Duk wanda ya taso daga kasuwar Kejetiya ya nufi Zongon Kumasi a ƙafa, ya ratsa Alabar ya gangara wajen Akwatia Line da Aboabo, zai riƙa wuce waɗansu gidaje da ba su yi kama da maƙwabtansu ba. Faɗi gare su, ƙofar shiga ɗaya tak, kwanon rufinsu ya yi jawur don tsatsa, tagoginsu na katako ne masu tsaga-tsaga da iska ke ratsawa ba tare da ido ya ratsa ba. Wani bene ne mai hawa ɗaya, wani kuwa a ƙasa yake, ɗakuna sun kewaye tsakar gida ta kowace kusurwa. Masu wucewa ba sa ko ɗaga kai su dube su. Alhali da yawansu ba don iyali kaɗai aka gina su ba. An gina su ne don baƙi, kuma a cikinsu aka ƙulla cinikin goron da ya yi wa gidaje da dama arziki a Kano da Katsina da Sakkwato.

Musulmi sun daɗe a Kumasi. Turawan Ingila biyu da suka ziyarci fadar Sarki Osei Bonsu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da malamai a kusa da sarkin suna rubuta masa wasiƙu da layu. Amma fatake ba su da wannan gata. A mafi yawan ƙarni na 19 Tonawa, wato Asante, ba sa barin ayarin Hausawa ya shigo kurmi ya sayi goro da kansa. Ayari zai taso daga ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin Kura da jar fata, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, ya ƙetare Kwara ya ratsa Bargu, a yi watanni ana yada zango ana tashi, sai a tsaya a Salaga ta ƙasar Gwanja. Can goron yake jiransu, can kuma ake cinikin bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba in muna ba da tarihin wannan hanya. Daga baya al'amura suka juya da sauri. Sojojin Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawa suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Goro ya sauka daga bayan jaki ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan ya kama hanyar Arewa. Alhassan Dantata yana cikin na farko-farkon da suka gane ribar wannan sabuwar hanya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da sauran masu fataucin goro suka kwararo Kumasi, Zongo ya cika ya batse, har ya kai ga samun sarakuna masu faɗa a ji irin su Malam Sallau mutumin Katsina, wanda ya riƙe sarautar a shekarun 1920. A cikin waɗannan shekaru ne annoba ta faɗa wa garin, a 1924, hukuma ta ga cunkoson ya yi yawa ta buɗe Sabon Zongo.

To, shi falken da ya sauka a tashar jirgi da kuɗinsa a ɗaure a ƙugu, bai san kowa ba, ba ya jin harshen Twi, ina zai dosa? Gidan fatoma. A Kumasi an fi ce masa maigida kawai. Shi zai ba baƙo ɗaki da tabarma da ruwan wanka, matansa su ɗora tukunya da shi a lissafi. Shi zai karɓi kuɗin baƙo ya adana, ya ajiye masa kaya a shago. Yaransa su ne dillalai, su ke shiga ƙauyukan kurmi su nemo goro, su ke tafinta, su ke sanin wanda kayansa ke da kyau da wanda ya cusa mai sankara a tsakiyar huhu. In ciniki na bashi ne, maigida ke tsayawa lamuni. Wanda ya ci kuɗin baƙo ya gudu, daga aljihun maigida za a biya. In baƙo ya kwanta ciwo shi zai nemo magani, in rigima ta tashi shi zai raka shi gaban Sarkin Zongo, in ajali ya riske shi a baƙon wuri shi zai yi masa sutura, ya ƙirga abin da ya bari a gaban shaidu, ya aika wa magada da ayari na gaba. Masu kawo shanu daga Mali da ƙasar Mosi su ma haka tsarinsu yake da masu masaukinsu da mahauta. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, wadda daga baya ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan wannan tsari na Kumasi a 1966.

Duk wannan hidima, ba a karɓar ko anini a matsayin kuɗin ɗaki. Wannan shi ne abin da jikoki ke tunawa, suna alfahari da shi, kuma sun cancanci su yi. Sai dai akwai rabin labarin da aka fi mantawa. Maigida yana da la'ada a kan kowane ciniki da baƙonsa ya yi. Gwargwadon yawan baƙinsa, gwargwadon abin da ke shigo masa. Daga wannan la'ada ake auno hatsin tuwon baƙi, daga ita ake sayen kwano da siminti, daga ita ake ƙara ɗaki a bayan ɗaki. Karamci da sana'a tare suke tafiya, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin kunya a ciki.

Na taɓa sauka a irin wannan gida. Wani mai sayar da goro a kasuwar Mariri ta Kano ne ya haɗa ni da maigidan, dattijo da ya haura tamanin, wanda mahaifinsa ya gina gidan. Ɗakin da aka ba ni yana kusa da zaure, inda a da ake sauke baƙi don kada su ratsa wajen mata. Ƙofarsa ta katakon odum ce, mai nauyi, sai ka sa kafaɗa kafin ta motsa, kuma duk shekarun nan gara ba ta taɓa ta ba. Bangon yana da kauri, shi ya sa ko da rana ta take ɗakin da sanyinsa. Bayan sallar asuba, ina jin ƙarar tsintsiya a tsakar gida da hayaniyar masu layin ruwa a famfo, sai ga wata 'yar yarinya ta yi sallama da kwano a rufe. Koko ne na gero, mai zafi, an ji masa citta da kanumfari da barkono har yana yi wa maƙogwaro susa, ga ƙosai a ganye yana tururi. Kokon Zongo ya yi suna a duk faɗin Ghana, har waɗanda ba su jin Hausa da sunan Hausawa suke kiransa, amma shan sa a kan tabarma a zauren da fatake suka sha shi shekara da shekaru wani abu ne dabam.

Da hantsi dattijon ya ɗauko mabuɗi ya buɗe mini shagon goro. Ɗaki ne mai duhu, ba taga sai 'yar kafa a sama, daɓensa sumul don yawan jan kaya. Ya nuna mini inda ake zube goro a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a ware fari da ja, a ware manya da ƙanana, a fitar da mai tabo, a ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, sannan a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu. Ya ce duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance an duba an yayyafa ruwa, domin goro ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son a manta da shi. A lungun ɗakin akwai wani akwatin ƙarfe, cikinsa littattafai ne da ajami: sunan baƙo, garinsu, abin da ya kawo ajiya, abin da ya karɓa, ranar da ya tashi. Wasu shafukan ɗanshi ya manne su. Da na ɗaga kai sai na ga dalili, hasken rana na leƙowa ta ramukan kwano, jikin bangon kuma ruwa ya yi masa zane har ƙasa.

Ranar da zan tashi na miƙa masa ɗan abin da ya sawwaƙa. Ya janye hannunsa ya haɗe rai.

"Haba ɗana, a gidan nan? Ubana bai taɓa karɓar kuɗin kwana ba, ni zan fara?"

Na ce, "Baba, ai ba kuɗin kwana ba ne. A sa a gyaran kwanon shagon can."

Ya ce, "Kwanon nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mu da muka gaji gidan nan, da 'ya'yanmu da jikokinmu, in aka tara mu sai mu cika masallaci. Wasu na Accra, wasu na Kano, wasu na Jamus. Kowa na da haƙƙi, ba mai gyara. Allah ya kai ka lafiya, ka gai da mutanen gida."

Na daɗe ina juya maganar nan. Dattijon bai yi laifi ba, abin da ya taso ya gani shi ya riƙe. Amma ya riƙe ciyarwar ne kawai, la'adar da ke ɗauke da ita ta tafi tun tuni. Goro ya yi yawa a ƙasar Yarbawa, Shagamu da kewayenta suka tare kasuwar Arewa. Manyan motoci suka rage kwanakin tafiya. Banki, daga baya kuma wayar hannu, suka karɓe aikin akwatin ƙarfe. Babban abin da ya karya ƙashin bayan waɗannan gidaje kuwa shi ne dokar korar baƙi da gwamnatin Firayim Minista Busia ta kafa a watan Nuwamba na 1969, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka ɗaure kaya. Wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka bar wa surukai da 'yan haya. Waɗanda suka tsira da gidajensu suka raba ɗakunan baƙi ga masu haya, iyali guda a ɗaki guda, da ɗan kuɗin da ba ya isa sayen buhun siminti. Yau gidan da kansa ke biyan kuɗin karamcin, yana biya da rufinsa da bangonsa, damina bayan damina.

Abin lura a nan ya wuce maganar gini. Alheri ma yana da abincinsa, in ba a ciyar da shi ba sai ya rame ya mutu. Hausawa sun faɗa tuntuni cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mukan yabi kakanninmu da buɗaɗɗen hannu, mu manta cewa mutane ne masu lissafi, masu littafi da alƙalami, waɗanda suka san abin da ya shigo kafin su san abin da zai fita. Ba makaranta ɗaya ba, ba masallaci ɗaya ba, ba gidan marayu ɗaya ba da aka kafa da kyakkyawar niyya suka durƙushe bayan mai kafawa ya rasu, saboda an gaji niyyar ba a gaji hanyar samun ba. Shi ya sa Musulunci ya zo da waƙafi: ka gina abin alheri, ka haɗa shi da gona ko shago da zai riƙa ɗaukar nauyinsa.

Daga Zongo zuwa Manhyia, inda fadar sarkin Asante take, tafiyar ƙafa ce, kuma akwai wani tsohon gida a can da ya kamata mu duba. Turawa ne suka gina shi a 1925 domin Prempeh na Ɗaya, wanda ya dawo daga tsibirin Seychelles a 1924 bayan shekaru 28 da kama shi. Sarkin bai yarda ya shiga ba sai da jama'arsa suka biya kuɗin ginin, don kada a ce a gidan aro yake zaune. Ya zauna a ciki har rasuwarsa a 1931, Prempeh na Biyu ya gaje shi a nan har 1970. Da aka gina sabuwar fada ba a bar tsohuwar ta zama kango ba, a 1995 aka mai da ita gidan tarihi. Kujerun sarakunan da teburansu da kayan amfaninsu na yau da kullum suna nan yadda suke. A 2024 aka kawo kayan zinariya da na sarauta 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan, a matsayin aro, aka baje su a wannan gida, kayan da yawancinsu sojojin Ingila suka kwashe. Mutane na zuwa daga ko'ina, suna biyan kuɗin shiga, musamman lokacin bikin Akwasidae da ake yi duk bayan mako shida. Maƙwabtanmu sun ba tsohon gidansu sabon aiki, aikin kuma yana riƙe da shi. Masu ziyarar nan suna fitowa su shiga mota su koma otal, ba su san cewa a bayansu kaɗan akwai unguwar da ta haɗa Kumasi da Kano da Timbuktu ba.

Gidajen Zongo ba sa bukatar a nemo musu sabon aiki ma, nasu na asali ya ishe su. A Ingila da Faransa da Amurka, wanda ya gaji ƙaton gida ya kasa riƙe shi yakan gyara ɗakuna kaɗan ya riƙa saukar da matafiya, ya ba su makwanci da karin kumallo, su biya, shi kuma yana zaune a gidansa da iyalinsa. A Fas da Marrakesh na Maroko, tsofaffin gidaje masu tsakar gida da suka kusa rushewa sun farfaɗo ta wannan hanya. Haka a tsohon birnin Zanzibar. Ko a Agadas, tsohon ginin da ke fuskantar babban masallaci, wanda ake dangantawa da zamanin Kawusan jagoran Abzinawa, otal ya zama. Abin da matafiyi ke biya a irin waɗannan wurare ba laushin katifa ba ne, wannan ko'ina akwai. Yana biya ne don ya kwana inda wani abu ya faru, ya ci abin da mutanen gida ke ci, ya sami wanda zai zauna da shi ya ba shi labari. Waɗannan uku kuwa Zongo na da su fiye da kowane otal da ke Adum, tsakiyar birnin.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce baƙonka Annabinka, yaya za a sa masa farashi? Amsa ita ce shari'a da kanta ta yi wa liyafa iyaka, kwana uku ne haƙƙin baƙo, abin da ya wuce haka sadaka ce. Kuma akwai bambanci tsakanin ɗan'uwa ko almajiri ko wanda dare ya yi wa, da mutumin da ya taso da guzurinsa musamman don yawon buɗe ido ko bincike ko kasuwanci, wanda in bai ba ka kuɗin ba wani zai kai wa. Na farko a sauke shi don Allah kamar yadda aka saba. Kuɗin na biyun ne ma zai sa a iya ci gaba da sauke na farkon. Za a kuma ce gida da mata da yara, yaya za a shigo da wanda ba a san halinsa ba? Wannan ma magabata sun riga sun warware shi da tubali: ɗakunan baƙi a waje kusa da zaure, cikin gida a ciki. Maigida ke kafa sharaɗi, ba giya, ba shigo da wanda ba muharrami ba, ana rufe ƙofa lokaci kaza. Wanda bai yarda ba, ga otal can.

Tsoron da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda aka gani a Marrakesh, inda masu kuɗi daga waje suka saye gidajen, 'yan unguwa suka koma bayan gari, aka bar gine-gine masu kyau ba masu su a ciki. In haka za ta faru a Zongo, gara kwanon ya ci gaba da yoyo. Dole gidan ya zauna a hannun magada, kuma 'yan hayan da suka shekara talatin a ciki kada a watsa musu kaya waje don a faranta wa baƙo. Ɗaki biyu ko uku na wajen zaure sun isa a fara. Abin da ake bukata ba shi da yawa: banɗaki mai tsabta, wanda shi ne babbar matsalar gidajen haya na unguwar, da ruwa, da gidan sauro, da kwata da aka share, da amintaccen mutum guda da magada suka amince ya riƙe littafi, a rubuce, kowa ya san kason gyara da kason rabo. Matar da ke dama koko a ƙofar gida ta sami ciniki, saurayin da ya gama makaranta yana zaune ya zama mai zagayawa da baƙi, dattijo ya sami masu sauraron abin da ke cikinsa kafin ya tafi da shi.

Su wa za su zo? Kafin a yi maganar Turawa, akwai mu. Gidaje nawa ne a Kano da Katsina da Jega da Maraɗi da ake cewa kakansu ya yi Gwanja? Jikokin nan suna zuwa Dubai da Alƙahira hutu, ba su taɓa ganin ɗakin da kakansu ya kwana yana tara jarin da ya gina gidansu ba. Akwai ɗaliban jami'a masu binciken tarihi da ajami, akwai 'yan kasuwar da har gobe suna zirga-zirga tsakanin Kumasi da Arewa, akwai 'ya'yan Zongo da ke Turai da Amurka masu zuwa gida da yaransu lokacin salla.

Gwamnatin Ghana ta kafa Asusun Raya Zongo a 2017, kuma akwai Hukumar Gidajen Tarihi da ke kula da tsofaffin gine-ginen Asante da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya tun 1980. Ya dace fadar Sarkin Zongo da limamai da ƙungiyoyin matasa su tunkare su da jerin gidajen da suka rage, da sunan wanda ya gina kowanne da shekararsa, a kuma ɗauki hoton littattafan ajamin nan kafin ɗanshi ya gama da su. Amma hukuma ba za ta shiga tsakanin magada ba, wannan aikin na cikin gida ne. Ku da kuka gaji irin waɗannan gidaje, na Kumasi da na Accra da na Kano da na ƙetare, ku kira taron dangi kafin damina mai zuwa, ku fitar da mutum ɗaya, ku gyara rufin, ku share ɗakin zaure, ku sanar da jama'a cewa gidan ya koma saukar baƙi.